Ƙarin Da Ya Tafi Da Kansa

Ku da kuke ta cika min waya da tambayar "Auta, wai ina aka kwana a maganar Injiniya?", ku yi min afuwa. Ba jan aji nake ba. Akwai maganar da sai ta huce a ciki kafin baki ya iya ɗaukarta.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni tela ce. Shagona yana ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai sayar da gilashin ido da mai wankin kaya. Ni ce ƙarama a gidanmu, shi ya sa kowa Auta yake ce min, har da waɗanda na girma. Injiniya kuwa mai gyaran keken ɗinki ne. Bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba, ni na laƙaba masa sunan ranar da ya fara zuwa shagona, ya kara kunne a jikin kekena kamar wani likita, ya ɗago ya ce, "Wannan ba lalacewa ta yi ba, fushi take. Tela, yaushe rabon da ki ba ta mai?"

Ya girme ni sosai, furfura har ta fara leƙo masa a gefen kunne. Bai taɓa aure ba. Mahaifinsu ya rasu da wuri, shi ya riƙe ƙannensa har kowa ya kama gabansa, saura ƙanwarsu ta ƙarshe da suke zaune tare. Abu ɗaya ne na tsana a tare da shi, taba. Tun yana saurayi yake sha. Na ce masa warinta yana kama min yadin mutane, ya ce to. Daga ranar ban ƙara ganinsa da ita ba, sai ƙwayar alawa a kumatu.

Amma tarin da tabar ta bar masa bai tafi ba. Ana cikin shirin manyansa su zo wajen Baba neman aurena, ya fara ganin jini a majinarsa. Aka yi hoton ƙirji, aka zura wata 'yar na'ura ta maƙogwaro aka ɗebo ɗan tsoka. Sakamako ya fito: ƙari ne a huhun dama, kuma kansa ce, wato ciwon daji, irin mai saurin yaɗuwa.

Ranar da na faɗa wa Umma, tana ninke wanki a falo. Ta ajiye zanen da ke hannunta a hankali, ta yi salati, ta yi masa addu'a mai tsawo, da gaske kuma, don tana son Injiniya. Shi ya gyara mata tsohon kekenta na hannu da kowa ya ce a jefar. Sai da ta shafa addu'ar sannan ta ce, "Auta, zo nan."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Ba zan ce ki guje shi ba, ba tarbiyyar gidan nan ba ce. Ki gaishe shi, ki duba shi. Amma maganar aure a jingine ta."

"Umma, yanzu ne fa yake buƙatata."

"Na sani. Ni kuma ke nake dubawa. Ba na son in kai ki ɗaki yau, gobe in je in ɗauko ki da kuka."

Baba bai ce komai ba. Shirun Baba kuma, a gidanmu, sa hannu ne a kan maganar Umma.

To ku ji yadda Allah yake lamarinsa. An sa ranar da za a fara yi wa Injiniya maganin kansa, wanda ake sawa ta ƙarin ruwa, sai zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, ƙirji ya cika da majina. Likitar huhu ta ce ba za ta zuba wannan magani a jikin da ke rawa haka ba, sai ya farfaɗo tukuna. Aka ɗaga, ya sake kwanciya, aka sake ɗagawa. Ni kuwa ina ganin kowace safiya abin ƙara girma yake a cikinsa. Da ya samu sauƙi, likitar ta ce a sake hoto kafin a fara, ta ga inda aka kwana.

Na raka shi karɓar sakamakon, ni da ƙanwarsa. Doguwar riga ruwan toka na sa, da baƙin mayafi, ko hoda ban shafa ba. Shi kuwa ya sha farar riga mai guga, har da turare. Na ce, "Injiniya, asibiti fa za mu je." Ya ce, "In labari mara daɗi ne, gara ya same ni da kyan gani."

Likitar mace ce mai ɗan jiki, gilashinta a rataye a wuya. Ta daɗe tana kallon allon kwamfuta. Ta sa gilashin, ta cire, ta sake sawa. Sai ta ɗaga waya ta kira ɗakin hoto ta ce su tabbatar mata ba a haɗa hotonsa da na wani ba.

"Malam," ta ce, "ka sha wani magani a wani wuri?"

"Sai na zazzaɓin da kika rubuta."

"Ka faɗa min gaskiya, ba faɗa zan yi ba. Na gargajiya? Wani asibitin?"

"Likita, ko jiƙon kanwa ban sha ba."

Ta juyo mana da allon. Ta nuna hoton farko, ga wani farin dunƙule kusa da tsakiyar ƙirji, kamar ƙwan tsuntsu. Ta nuna na biyu. Na ƙura ido, na rasa shi, sai da ta ɗora bakin biro a kan wani ɗan tabo.

"Ya ragu. Ya ragu ƙwarai, kuma ba mu taɓa shi ba."

Ƙanwarsa ta zame daga kujera ta yi sujada a kan tayil ɗin asibiti. Ni bakina ya kasa komai sai "Alhamdulillahi" da nake ta maimaitawa kamar wadda aka kunna. Injiniya ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Wato likita, kansa ta tafi da kanta?"

Sai da likitar ta yi dariya. Amma ta ɗaga yatsa ta ce mu saurara. Ta ce yana faruwa, amma da wuya ƙwarai, ita kanta a takarda kawai ta taɓa karantawa. Ta ce ba za ta ce ya warke ba, irin wannan ciwon yana iya laɓewa ya dawo, don haka za su zauna da sauran likitoci, kuma za a riƙa hoto a kai a kai. Na ji ta, amma kamar daga nesa. Zuciyata ta riga ta fita waje tana tsalle.

Da aka sake hoton bayan wani lokaci, ko tabon ma da ƙyar aka gano shi.

Gidanmu ya koma kamar an kunna fitila. Umma ta kira duk wanda ta sani, har da matar da suka yi faɗa a kan igiyar shanya. Da bakinta ta ce min, "Ki ce masa in ya ƙara jin ƙarfi manyansa su zo." Baba ya yi murmushi a bayan jarida. Yayata, wadda ke aure a can ƙarshen gari, ta fara turo min hotunan labule da kujeru, ko gaisuwa babu.

Saƙonninmu ni da shi kuwa, ku bar su kawai.

"Tela, kin ci abinci?"

"Na ci. Kai fa?"

"Na ci, amma bai yi daɗi ba, ba ki ce min in ci lafiya ba."

"Tsoho da shagwaɓa."

"Tsohon da kansa ta gani ta gudu."

A cikin waɗannan saƙonnin ne na fara ganin abin, amma ban gane ba. Injiniya mutum ne mai tsabtar rubutu, har waƙafi yake sawa. Sai rubutunsa ya fara zuwa a karkace, harafi na hawa kan harafi. Na tsokane shi na ce ko soyayya ce ta sa hannunsa rawa. Ya turo fuskar dariya. Daga baya ya daina rubutu gaba ɗaya, ya koma saƙon murya, ya ce wai don in riƙa jin muryarsa. Na ji daɗi har na faɗa wa Yaya.

Wata ranar Talata da hantsi kekena ya fara tsallake ɗinki, ga rigar makarantar yara fara tas a ƙarƙashin allura, mai ita za ta zo da yamma. Na kira shi. Na hango shi ta ƙofar gilashi yana tsallako titi da jakar kayan aikinsa. Tafiyar ce ta fara tsaya min a rai. Yana buɗe ƙafa, yana buga ta da ƙarfi a ƙasa, idonsa a kan takalminsa kamar mai neman abin da ya faɗi.

"Injiniya, lafiya kake tafiya haka?"

"Takalmin ne sabo."

Takalmin nan na san shi tun ranar da na san mai shi.

Ya zauna a kujerata, ya buɗe murfin da ke ƙarƙashin allura, ya ɗauko sukudireba. Mutumin da yake kwance keke yana hira, ko kallon hannunsa ba ya yi, yau ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa ƙarfe. Ɗan notin ya suɓuce ya faɗi. Na ɗauko masa. Ya sake faɗuwa. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Yau notin nan da ni yake wasa." Ya juya tayar keken da hannun dama don ya gwada, hannun hagu yana kan farantin.

Sai na ga ja yana yaɗuwa a kan farar rigar.

"Injiniya! Hannunka!"

Ya kalle ni tukuna, sannan ya kalli hannun. Allurar ta shige gefen yatsansa, ta fito. Bai ce wash ba. Fuskarsa ko motsi ba ta yi ba, sai da idonsa ya faɗa masa.

Na yanko ƙyalle na ɗaure yatsan. Ban saki ba. Na matsa tafin hannunsa da babban yatsana.

"Kana jin wannan?"

Ya ƙura wa hannun ido.

"Rufe idonka. Wane yatsa na riƙe?"

Ya rufe. Na riƙe ƙaramin. Ya daɗe, sannan ya ce, "Na tsakiya?"

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Ya buɗe ido ya gan ni, ya sauke kai.

"Tun ina kwance da zazzaɓin nan ya fara," ya ce. "Kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafata. Sai ya koma zafi kamar na taka garwashi. Yanzu kuma kamar a kan auduga nake tafiya. In na rufe ido ina wanke fuska, sai in ji zan faɗi, ban san inda ƙafafuna suke ba. Hannun daga baya ya biyo."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Tela, kowa yana murna. Umma tana murna. Ke kina murna. Wa zan tsaya a gabansa in ce an yi min kyautar rai amma ina ƙorafin yatsa?"

Na rufe shagon a lokacin. Rigar makarantar ma sai washegari na sayi wani yadin na sake ta.

Likitar huhu ba ta ɓata lokaci ba, ta tura mu wajen likitan jijiya a hawa na sama. Dattijo ne mai sanyin murya. Ya sa Injiniya ya tsaya ya haɗe ƙafa ya rufe ido, nan take ya yi luu, sai da na tare shi. Ya buga wani ƙarfe mai rawa ya ɗora masa a idon sawu, bai ji komai ba. Ya ce ya matse masa hannu, ya matse har dattijon ya ce, "Kai, sake ni, ƙarfi dai kana da shi." Aka ɗebi jini, aka ɗebi ruwan baya, aka yi wani gwaji da ake sa wa jijiya ɗan lantarki. Muka yi ta zarya kafin sakamako ya haɗu.

Ranar da likitan ya kira mu, ya jawo kujerarsa ya fito daga bayan tebur ya zauna kusa da mu. Tun daga nan na san ba ƙaramar magana ba ce.

"Kun san jiki yana da masu gadinsa," ya ce, "abin da muke kira garkuwar jiki. Naka sun ga ƙarin nan, sun gane baƙo ne, sun far masa. Muna kyautata zaton shi ya sa ya narke. Mun ga alamarsu a jininka."

"To ai sun kyauta," in ji Injiniya.

"Sun kyauta. Matsalar ita ce, irin wannan ƙarin yana ɗauke da wani abu da yake kama da na jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin taɓawa. Masu gadin ba sa bambancewa. Sun gama da ɓarawo, sun juya kan 'yan gida."

Na ce, "Likita, wato abin da ya cece shi, shi ke cin hannunsa?"

"Haka muke gani, 'yata."

"To a hana su mana."

"Za mu lallashe su, akwai magunguna. Amma da taka-tsantsan, don su ne kuma suke tsare ƙofa kada ƙarin ya dawo. Ni da likitar huhu za mu riƙa tafiya tare." Ya juya ga Injiniya. "Ba zan ɓoye maka ba. Burinmu na farko mu tsayar da abin a inda yake. Wanda ya riga ya tafi, wani yana ɗan dawowa, da yawa ba ya dawowa. Za a koya maka tafiya da ido, da aiki da ido. Amma aikin da yake buƙatar yatsa ya ji ɗan ƙaramin noti…"

Bai ƙarasa ba. Injiniya ya ɗora hannayensa biyu a gwiwa yana kallonsu kamar na aro.

Muka shiga mota muka dawo. Da muka zo rabuwa ya ce, "Ki gaida Umma," ya juya da sabuwar sandar da suka ba shi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da labari ya isa gida, Yaya ta zo da kanta, ko mayafi ba ta cire ba ta ja ni ɗaki.

"Auta, ki buɗe kunnenki. Da ciwo ɗaya ne, yanzu biyu ne. Ɗaya yana laɓe, ɗaya yana fili. Mutumin da ba zai iya sana'arsa ba, ke za ki ɗauke shi?"

"Yaya, ba kaya ba ne."

"Kin ga irinta ko? So hana ganin laifi. Ni ba ƙinsa nake ba, amma ke yarinya ce. Jinya ba kwalliya ba ce."

Abin da ya fi ciwo shi ne ba ƙarya take ba, kuma tana faɗa idonta na kawo ruwa. Baba ya kira ni bayan sallar la'asar ya ce, "A dakata." Kalma biyu, ya koma kan jaridarsa. Umma kuwa sai bina da ido take yi duk inda na gifta.

Shi ma Injiniya ya janye. In na kira sai ƙanwarsa ta ɗauka ta ce yana hutawa. Har ranar da ina shago ina yanka, saƙon murya ya shigo. Na ajiye almakashi na kara a kunne.

"Tela. Na yi ta gwada yadda zan faɗa, na rasa mai kyau, to ga mara kyan. Lokacin da aka ce kansa ce, na yi tunanin ko dai in warke in aure ki, ko in tafi ki yi kuka ki huta. Ban taɓa lissafa wannan na tsakiyar ba. Jiya kofin shayi ya faɗi daga hannuna, ban sani ba sai da na ji ƙararsa. Ba zan so ki ƙare ƙuruciyarki kina tsince min abin da na yar ba. Na sauwaƙe miki alkawarin da ke tsakaninmu. Ki yafe min. Kekenki kuma ki riƙa ba ta mai, kin san halinta."

Na saurara har sai da na haddace inda numfashinsa ya tsaya. Ban ba shi amsa ba, don duk abin da na fara faɗa kuka ne yake cinye shi. Na koma gida da rana tsaka, na shige ɗaki na kwanta da takalmina.

Umma ta shigo ta zauna a bakin gado. Ba ta tambaye ni komai ba. Ni ce na miƙa mata wayar. Ta kara a kunne, ta saurara har ƙarshe. Ta ce in sake kunna mata. Da ya ƙare ta ajiye wayar a kan cinyarta, ta daɗe tana kallon bango.

"Tashi ki wanke fuska," ta ce. "Ki kai ni wajensa."

"Umma?"

"Da Hausa na yi magana."

Ta sa shuɗin mayafinta na fita unguwa, wanda ba ta sawa sai da dalili. Muka tari mota. Duk hanya ina satar kallonta, na kasa karanta fuskarta. Zuciyata tana ce min zuwa za ta yi ta yi masa godiya da ya sake ni.

Shagonsa ɗan ƙarami ne a bayan layin masu kayan lantarki, kekuna jere a kan kanta, kowanne da ƙyallen da aka rufe shi. Ƙofar a buɗe take. Yana zaune a kan benci, sandarsa a jingine, bai ji zuwanmu ba. Maɓallin wuyan hannun rigarsa ne ya ɓalle, yake ƙoƙarin mayarwa. Ya kawo hannun daf da idonsa, yatsun na zamewa a kan maɓallin, ya kama, ya kuɓuce, ya sake kamawa. Har ya kai bakinsa zai taimaka da haƙori.

Na yunƙura zan shiga, Umma ta riƙe min hannu. Muka tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa. Sai da ta ga ya saki hannun ya jingina kai da bango, sannan ta yi sallama.

Ya zabura zai miƙe, ya yi tangaɗi, ya dafa kanta. "Umma! Ke da kanki? Ai da kin aiko na zo."

"Zauna, ɗana. Ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Ta zauna a ɗaya gefen bencin. Ta miƙa hannu ta kamo hannun rigarsa, ta ɓalla masa maɓallin, ta gyara shi, kamar yadda take yi wa jikokinta. Ya kasa ɗaga kai.

"Na ji saƙonka," ta ce.

Ya kalle ni da sauri. Na kalli ƙasa.

"Tambaya ɗaya na zo yi. Ka daina son ta ne?"

"Umma…" ya ce. "Da na daina ai da abin ya zo min da sauƙi."

"To me likita ya ce? Da bakinka nake son ji, ban da kwaskwarima."

Ya faɗa mata duka. Cewa ƙarin zai iya dawowa. Cewa hannun ba lallai ya dawo ba. Cewa an fara maganin, kuma zafin ƙafar ya ɗan lafa, amma ba wanda ya yi masa alkawarin komai. Ya ce yana tunanin ɗaukar masu koyo, shi ya riƙa ji da kunne yana faɗa musu, su kuma su riƙa kwancewa, amma bai sani ba ko zai yiwu. Bai rage ko ɗaya ba, har ina jin haushinsa, ina cewa a raina, bawan Allah, ka ɗan sassauta mana.

Umma ta gyaɗa kai. "Ka yi gaskiya, Allah ya yi maka albarka. Amma ka yi kuskure ɗaya. Ka yanke wa yarinya hukunci ba ka tambaye ta ba. Mu ma a gida haka muka yi." Ta juyo gare ni. "Auta, ga shi, ga ni. Kin ji komai da kunnenki. Ba yau kaɗai ba ne, har ranar da za ki gaji, don za ki gaji. Me kika ce?"

Na buɗe baki, duk maganganun da na tara suka gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Umma, in na gaji zan huta, in tashi in ci gaba. Ni dai shi nake so."

Injiniya ya rufe fuska da hannayen nan nasa, kafaɗarsa na rawa. Umma ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce masa ya riƙa cin abinci, ya rame. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Ta fita, na bi ta a baya kamar raƙumi da akala.

Sai da motar ta yi nisa, muna tsaye a danja, ta yi magana, idonta a kan titi.

"Ki ce wa ƙanwarsa ta haɗo miki rigunansa gaba ɗaya. Ki cire maɓallan nan, ki sa masa zif mai babban kai, wanda zai iya kamawa. Namiji ba ya son a riƙa ɓalla masa riga kullum, ko da matarsa ce."

Na juyo na kalle ta. "Umma, matarsa kika ce?"

"Ke dai ki yi abin da na sa ki."

"Baba fa? Ya ce a dakata."

Ta ja numfashi, ta kamo hannuna ta ɗora a cinyarta, ta danne shi da nata.

"Babanki daban," ta ce. "Shi ma ba ƙaramin aiki ba ne. Ki ji da zif, ki bar ni da shi."